Babi na Shida: Katanga a Bakin Ruwa

A watan Maris ake cinikin filin bakin ruwa. Duk wanda ya daɗe a Samaru ko Sabon Garin Zariya ya san wannan. Lokacin ƙorama ta ƙafe, ba abin da ya rage sai wani siririn yashi da yaro zai tsallake da taku ɗaya. Ciyawa ta bushe, ƙasa ta daddare, fadama ta yi kama da tudu. Dillali zai ɗauke ka a bayan babur da la'asar, ya nuna maka turaku huɗu, ya ce ƙafa hamsin ne faɗi, ɗari tsawo, kuma akwai wani Alhaji da ya yi alkawarin kawo kuɗi gobe. Idan ka dubi kwarin da ke bayan filin ka ce, "To, ruwa fa?" amsar ba ta sauyawa: "Haba, ranka ya daɗe, ai ruwa ba ya zuwa nan."

Haka aka faɗa wa wani ɗan'uwana, ɗan ƙanwar mahaifiyata, malamin makaranta wanda ya shekara bakwai yana zubin adashi don ya fita daga gidan haya. Filin yana wata sabuwar unguwa a bayan Samaru, a gefen wata ƙorama mai gangarawa kogin Kubanni. Abin da ya fara yi shi ne abin da kowa ke farawa da shi: katanga. Filin da ba a kewaye ba a wannan zamani yana iya wayar gari da mai shi biyu, ko maƙwabci ya ci ƙafa biyar daga gefe. Da birkila ya zo ja igiya, sai ya ga tsakanin turken baya da bakin kwari akwai sarari wanda ba na kowa ba, ya ce, "Malam, mu tura ta can mana, ka samu wurin kaji." Aka tura.

Suna cikin haƙa harsashi wani dattijo ya biyo ta wurin da fartanya a kafaɗa. Ya daɗe yana noman rake a wannan fadama kafin magada su yanka ta filaye. Ya tsaya ya yi sallama, ya duba ramin, sa'annan ya nuna wata ɗorawa da ke can sama da inda ake haƙa, ya ce, "Ɗana, ka ja baya. Shekarar da aka yi ruwa sosai, gindin waccan yake taɓawa." Ɗan'uwana ya ce, "To, Baba, na gode," ya ba shi na goro. Aiki ya ci gaba.

Damina biyu katangar ta yi a tsaye. A cikin waɗannan biyun, ruwan da ya saba bi ta wurin ya karkata ya koma cin gaɓar tsallake, har ya zabge bayan gidan wata bazawara mai sayar da ƙosai. A damina ta uku, wani dare a ƙarshen Agusta, aka kwana ana ruwa. Ruwan unguwa duka ya gangaro ya tarar da bango a gabansa, ya taru a tsakar gida har ya kai ƙugu, ƙorama kuma ta cika tana cin harsashin ta waje. Kafin asuba katangar ta kwanta, ta haɗa da ɗakin girkin maƙwabci da awakinsa uku. Allah ya kiyaye rai. Amma sai da aka yi wata biyu ana zama a zauren mai unguwa, kuma har yau gaisuwar gidajen nan biyu ba ta koma yadda take ba.

Na kawo wannan labari ne don ba na mugun mutum ba ne. Ɗan'uwana bai yi niyyar cutar kowa ba, yana da takardar ciniki mai sa hannun shaidu, kuma daga dillali har mai unguwa ba wanda ya nuna masa wata alama a ƙasa ya ce nan ne iyakar gini. Mutum ɗaya ne ya san iyakar, shi kuwa ba shi da hatimi.

Bari mu ɗan yi lissafi, domin yawancinmu muna raina nauyin ruwa. Ƙasar Zariya tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,000 a shekara, kusan dukkansa tsakanin Mayu da farkon Oktoba, mafi yawa a Agusta. Fili mai ƙafa hamsin da ɗari ya kai murabba'in mita 460 ko kusa da haka. Idan aka yi ruwa mai ƙarfi na milimita 50 a dare ɗaya, abin da ya sauka a kan wannan fili kaɗai ya kai lita 23,000, wato sama da durom 110. Lokacin da wurin yake gona, ƙasa da ciyawa suna shanye kaso mai yawa, sauran ya gangara a hankali. Da zarar an rufa kwano an shafe tsakar gida da siminti, kusan duka sai ya fita waje, kuma a lokaci guda. A unguwa mai gida ɗari biyu, mai karatu ya ninka da kansa. Duk wannan ruwa wuri ɗaya ya nufa, wato kwarin da aka ce ruwa ba ya zuwa.

Idan kuma ya tarar da katanga, ga abin da ke faruwa. Ruwan da zurfinsa ya kai mita ɗaya yana tura kowace mita ɗaya ta tsawon bango da ƙarfin da ya kusa rabin tan, kamar a jingina mata buhun siminti goma. Idan zurfin ya ninka biyu, turin ninkawa huɗu yake yi. Bulo mai inci shida, wanda aka buga da siminti kaɗan don buhu ya yi auki, aka jera shi ba ginshiƙi ba rodi, ba a yi shi don wannan kaya ba. Ta waje kuma, duk ƙoramar da aka matse wa hanya gudunta ƙaruwa yake yi, ruwa mai gudu kuwa haƙa yake. Ya fara da sace ƙasar ƙarƙashin harsashi, ya koma cin gaɓar da ba ta da kariya, shekara kaɗan a ga kwazazzabo inda da akwai turba. Mai katanga mai ƙarfi, wanda ya zuba kankare da rodi, bai kashe matsalar ba. Tsallakar da ita ya yi zuwa gidan wanda bai kai shi ƙarfi ba.

Kada a ɗauka ina ƙin katanga. Bahaushe bai san gida ba tare da ita ba. Ita ce sutura: daga zaure zuwa ƙofar gida zuwa cikin gida, duk tsarin an yi shi ne don mai wucewa kada ya ga iyali. Zazzau kuwa gari ne da tarihinsa ke jingine da bango, tun da har yau ana kiran tsofaffin ganuwoyi a ƙasar Hausa da sunan Amina, kuma sunayen Ƙofar Doka, Ƙofar Gayan, Ƙofar Kuyambana da Ƙofar Kona suna bakin kowa. A 'yan shekarun nan tsoro ya ƙara wa katanga tsawo. Wanda ya ga yadda 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Nuhu Bamalli a watan Yunin 2021 suka tafi da malamai da ɗalibai, ba za ka ce masa ya kwana a fili ba. Sai ƙarin layin bulo, sai fasassun kwalabe, sai waya mai ƙaya. Wannan tsoro na gaskiya ne, duk wata doka da ta yi kamar ba ta san da shi ba, a takarda za ta tsaya.

Sai dai maginan da suka yi wa kakanninmu katanga sun san ruwa. Katangar ƙasa ba ta haƙuri da ruwa kwance, saboda haka dole a bar mata rariya a gindi, a san inda indararo zai zuba, a san ta wace kwata ruwan gida zai bi har ya kai kududdufi. Kududdufin nan ma ramin da aka haƙi ƙasar ginin unguwar ne, ya koma tulun da ke karɓar ruwanta. A ƙauyukan kewaye kuwa, irin su Bomo da Biye da Shika, danga ce ta kara ko zana, ko shinge mai rai, ruwa ya ratsa ya wuce abinsa. Ba wanda ke kafa gida a cikin fadama, don fadama wurin rake ce da shinkafa da lambun rani. Siminti ne ya ba mu ƙarfin halin yin gini inda ƙasa ba ta yarda ba.

Kuma ba dabarar magina kaɗai ba ce, akwai hukunci a bayanta. Kalmar hurumi da muke amfani da ita kullum, har mu ce wa mutum "wannan ba huruminka ba ne", asalinta daga fiƙihun ƙasa take. A mazhabar Malikiyya, kowane abin amfani yana da kewayen da ake bar masa don amfaninsa ya cika. Gari yana da huruminsa, inda ake itace da kiwo. Gida yana da nasa, inda ake zuba ƙasa da inda indararo ke zuba. Rijiya tana da nata, gwargwadon abin da ba zai ƙuntata wa masu zuwa sha da dabbobinsu ba, kuma ba zai cutar da ruwanta ba. Imamu Malik bai yanke wa hurumin rijiya adadin kamu ba, ya bar ma'aunin a kan cutarwa, domin ƙasa mai tauri da ƙasa mai laushi ba ɗaya ba ne. Wannan bayani yana cikin Muhtasar na Halil da ake karantawa a zaurukan birnin Zariya har gobe. Malam Abdullahi ɗan Fodiyo ya rubuta littafi sukutum, Ta'alimur Radi, a kan hanyoyin da mutum ke keɓanta da ƙasar da ba ta da mai ita. Imamu Suyuɗi, wanda ya rasu a 1505, wanda kuma ya yi wasiƙa da sarakunan Katsina da Agadas, ya zauna a tsibirin Rauda a tsakiyar kogin Nilu, ya ga masu hali suna tura gine-ginensu zuwa bakin ruwa, ya rubuta risala ta musamman a kan haramcin yin haka. Tushen duka hadisai biyu ne da kowane ɗalibi ya sani: wanda ya hana cuta da cutarwa, da wanda ya sa mutane tarayya a ruwa da makiyaya da wuta.

Ina jin ciwon yadda muka bar wannan gado a cikin littafi. Mutum zai tashi daga darasin Muhtasar da safe, da yamma ya sa hannu a matsayin shaida a cinikin filin da ya toshe mashaya, bai ga alaƙar biyun ba.

Wani ɓangare na dalilin yana cikin yadda dokar tsara gari ta zamani ta shigo mana. Sabon Gari ya kafu ne da zuwan jirgin ƙasa a wajen 1911, aka yanka shi layi-layi don ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa da baƙi daga kudu. Dokar garuruwa ta Gwamna Lugga ta 1917 ta tanadi a bar sarari na yadi 440 ba gini tsakanin unguwar Turawa da ta 'yan ƙasa, bisa tunanin cewa sauro ba zai ƙetare wannan tazara ya kai musu zazzaɓi ba. Ke nan tazarar farko da hukuma ta auna da tef a wannan gari an yi ta ne don a nisanta mu. Samaru kuma ta girma ne a gefen tashar binciken aikin gona da aka kafa a 1922, sa'annan Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. A ɗaya gefen titi, wajen jami'a, an tsara komai, da bishiyoyi da magudanai da tazara tsakanin gidaje. A ɗaya gefen, inda leburori da masinjoji da masu dafa abinci suka zauna, gari ya yi ta tsiro yadda ya samu, ya haura Hayin Dogo, ya nufi Bomo da Basawa. Talaka ya tashi da sanin cewa tsari kayan Bature ne da manyan ma'aikata, shi kuwa rabonsa da hukuma duba-gari ne da tara. Wannan tunani bai gama fita ba.

Yau dokoki suna nan, har sun yi yawa. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar kowace jiha a hannun gwamna a matsayin amana: filin birni shi ke ba da takardar mallakarsa, na karkara ƙaramar hukuma. Doka mai lamba 88 ta 1992 ta ce ba a yin gini sai da izinin hukumar tsara gari, katanga kuwa gini ce. A 2003 Kotun Ƙoli, a shari'ar da Jihar Legas ta kai Gwamnatin Tarayya, ta yanke cewa tsara gari hurumin jihohi ne, saboda haka ƙa'idar da ta hau kan mai fili a Samaru ko Muciya ko Dogarawa ta Jihar Kaduna ce. Hukumar KASUPDA ke ba da izinin gini, KADGIS kuma, wadda aka kafa a mulkin Malam Nasiru El-Rufa'i, ita ke riƙe da rajistar filaye. Dokar albarkatun ruwa mai lamba 101 ta 1993 ta tabbatar wa kowa damar ɗibar ruwan amfanin gida da shayar da dabbobi kyauta daga ruwan da jama'a ke da hanyar isa gare shi. A 2009 kuma aka fitar da ƙa'idojin tarayya na kare fadamu da gaɓar koguna da bakin tafkuna, ƙarƙashin hukumar NESREA.

A duba sharaɗin dokar 1993 da kyau: ruwan da jama'a ke da hanyar isa gare shi. Katanga ba ta sace ruwa, hanya take sacewa. Gida goma suka jeru a gaɓa, kowa ya manna bangonsa da na maƙwabci, to ruwan yana nan, haƙƙin yana nan a takarda, amma mai wanki da mai kamun kifi da ɗan ga-ruwa sai sun yi zagayen rabin awa. Bafulatanin da kakansa ya shayar da shanu a wannan mashaya ya iso ya tarar da bulo, ya juya da garke ya bi ta inda ya samu, inda ya samu kuwa sau da yawa lambun wani ne. Rigimar da za a kai wa dagaci gobe a ce ta manomi da makiyayi ce, wani lokaci birkila ne ya aza harsashinta.

Babbar matsalar ita ce dokokin nan da Turanci suke, a ofis suke, ciniki kuwa a zaure ake yin sa. Mafi yawan filayen gefen gari gonakin gado ne da magada suka yanka, aka sayar da takardar hannu da shaidu da sa hannun mai unguwa. Kafin maganar izini ta taso, an riga an yi katanga, wani lokaci an tare. Mutanen Zariya sun ga jan fenti a bango, sun ga katafila, musamman daga 2015. Ban ce kowane rusau zalunci ne ba, akwai ginin da barinsa shi ne zaluncin. Amma rusau magani ne na bayan ɓarna, kuma kusan kullum a kan mai saye yake faɗawa. Wanda ya yanka fadamar, da wanda ya kai shi a babur, da wanda ya karɓi la'ada, sun riga sun ci sun goge baki. Hausawa sun ce tun ran gini ran zane. Ranar da ake kafa turaku ya kamata hukuma ta bayyana.

Wanda ke son ganin abin da duk wannan ke jawowa a dunƙule, ya je dam ɗin jami'a. Kogin Kubanni yana tasowa ne daga wajen Shika, ya ratsa ƙasar jami'a inda aka datse shi a farkon shekarun 1970 don ba ɗalibai da ma'aikata ruwan sha, ya ci gaba ya raba Tudun Wada da Sabon Gari, ya faɗa kogin Galma. Bakin dam ɗin ya tsira daga gine-gine saboda dalili ɗaya: mai shi ɗaya ne, kuma yana da masu gadi. Amma ruwan da ke cika shi daga ƙasar da ba ta jami'a ba yake zuwa. Ƙoramar da ta fito daga cikin garin Samaru tana shiga da ruwan kwata da leda, sauran ƙoramu suna kawo ƙasar da suka zabge daga gonaki da sabbin unguwanni. Malaman jami'ar sun shafe shekaru suna auna yadda laka ke cike cikin dam ɗin yana rage ruwan da yake iya riƙewa. Kowace gaɓa da aka sare wa ciyawa aka dasa mata bulo tana da kaso a wannan laka. Haka abin yake ga dam ɗin Zariya da ke kan Galma, wanda gari ya daɗe yana sha daga gare shi, haka ga ɗan tafkin Bomo. Daga gadar Kubanni kuma, mai tafiya unguwar PZ daga Tudun Wada ya leƙa ƙasa ya ga yadda bayan gidaje da shaguna suka matso, da inda ake zubar da shara.

Wasu ƙasashe sun sha wannan wahala kafin mu. A jihar Wiskonsin ta Amurka, mai dubban tafkuna, tun daga dokar 1966 aka kafa ƙa'idar cewa gini ya ja baya ƙafa 75 daga bakin ruwa, kuma ƙafa 35 na farko a bar su da ciyawarsu da itatuwansu. Ƙananan hukumomi da dama a can ba sa yarda da rufaffen bango a cikin wannan tazara, sai shingen da ake hangen ruwa ta cikinsa. A Faransa, mai fili a bakin kogi ko tafkin gwamnati ba shi da ikon kafa shinge ko dasa itace sai ya bar mita 3.25 don masu tafiya a ƙasa da masunta. Maƙwabtanmu na Nijar sun gaji dokar 1928 ta yankin Afirka ta Yamma na Faransa, wadda ta sa mita 25 a kowace gaɓar kogin da jirgi ke bi a cikin dukiyar jama'a. Abin da ya fi jan hankalina a tsarin Wiskonsin shi ne inda ake fara awo. Ba daga inda ruwa yake ranar da safiyo ya zo ake farawa ba, daga alamar da ruwa ya saba bari a gaɓa idan ya cika ake farawa, wadda ake ganewa da launin ƙasa da irin tsiron da ke wurin. Wannan ilimi ne da dattijon nan mai fartanya yake da shi, ya kuma bayar kyauta aka ƙi karɓa.

To, abin da nake ganin ya dace da mu bai fi ƙarfinmu ba. A fita a watan Satumba, lokacin da sawun ruwa yake sabo, da safiyo da jami'in tsara gari da mai unguwa da tsofaffin manoman fadamar, a bi kowace ƙorama da ke zuba Kubanni da Galma a ƙasar Sabon Gari, a kafa turakun kankare masu fenti a iyakar da ruwa ke kaiwa, a ƙara tazarar da doka ta yanka. A rubuta ƙa'idar a shafi ɗaya da Hausa, boko da ajami, a manna a zauren kowane mai unguwa, a karanta a rediyo, limamai su faɗa a huɗuba da sunanta na asali, hurumi. Daga ranar, duk mai unguwar da ya sa hannu a cinikin abin da ke ƙasan turke, da dillalin da ya kawo cinikin, su ma su amsa tambaya. Kuma duk inda za a yanka sabbin filaye, a bar lungu mai faɗin da garke zai bi zuwa ruwa bayan kowane 'yan gidaje, a sa shi a taswira don kada wani ya wayi gari ya sa masa ƙofa.

Maganar sutura da tsaro fa? Amsarta tana cikin tsarin gidanmu na da. Doguwar katanga ta kewaye cikin gida, inda iyali suke, a kan tudu, da rariya mai faɗi wadda aka sa wa ƙarfe. Abin da ya rage daga nan zuwa iyakar fili ta wajen ruwa a kewaye shi da abin da ruwa ke ratsawa: waya, ko shinge mai rai. Dashi da bini-da-zugu da aguwa reshe kawai ake yankowa a kafa su kama, dabba ba ta cika cin aguwa ba, zogale kuma ga shinge ga miya. A gaɓar kanta a dasa jema, wadda saiwarta ke nutsawa ƙasa ta riƙe ta, ganyenta ya tace laka. Duk wannan bai kai kuɗin tifa biyu na yashi ba. Ta fuskar tsaro ma, dogon bango a bayan gida mai kallon kwari yana ɓoye wanda ya riga ya haura ne, ba maƙwabcin da zai hango shi. Shingen ƙaya mai kauri ya fi bulo wuyar haurawa.

Waɗanda suka riga suka gina su ne masu wuyar sha'ani, kuma a nan nake roƙon hukuma ta yi taka-tsantsan. Sau da yawa ɗakunan suna kan tudu, katangar baya ce kaɗai ta shiga hanyar ruwa. A irin wannan, a ba mutum wa'adin rani ɗaya ya ja ta baya da hannunsa, ya tsira da bulonsa. Inda ɗakin kwana ne a cikin kwari, rai ake magana, dole a tashi, amma wanda ke riƙe da takardar hukuma a biya shi, wanda aka yaudara kuma a taimaka masa ya bi wanda ya sayar masa.

Ɗan'uwana ya sake katangarsa da rani mai zuwa. Ya je ya nemo dattijon nan har gida, ya ce, "Baba, zo ka nuna mini inda ka ce." Suka ja ta baya ƙafa ashirin da biyu, ya rasa wurin kaji da rabin inda ya so ya yi ɗakin baƙi. A sararin ya dasa jema da zogale da ayaba, ya kuma taimaka wa bazawarar nan da buhunan yashi ta tare bayan gidanta. Damina huɗu ke nan ruwa yana zuwa ya kwana a cikin ayabar ya wuce.

Mai karatu, idan an nuna maka fili kusa da ƙorama ko tafki ko dam, kada ka biya sai ka gan shi a watan Agusta, washegarin ruwa mai ƙarfi. Ka nemi wanda ya noma wurin kafin a yanka shi ka tambaye shi inda ruwa ke tsayawa. Ka je ofishin tsara gari da takardar filin kafin ka sayi bulo ko ɗaya, ka nemi a rubuta maka tazarar da za ka bari. In kuwa kai ne mai unguwar da ake kawo wa takarda, ranka ya daɗe, ka taka ka ga filin da idonka kafin ka sa hannu.